Matar da Ta Zo Tambayar Aikin Baba

Babana ɗan kamasho ne a wata 'yar tasha da ke bakin titi a mahaɗar Tina. Aikinsa shi ne ya cika mota. Direba zai shigo layi ya kashe inji ya tafi shan shayi, Baba ya tsaya a jikin ƙofa yana kiran inda motar za ta har kujeru su cika, ya ɗaure kaya, ya buga jikin motar da tafin hannu, ta tashi. Tun kafin a haife ni yake wannan aiki. Haƙar kuza ce ta kawo kakanmu Jos, amma Baba bai tarar da kuzar tana da auki ba, sai ya faɗa tasha. Ba shi da mota, bai taɓa koyon tuƙi ba. Murya ce jarinsa, kuma Allah ya ba shi ita. Idan ya ce "Taminus!" har masu gasa masara a tsallaken titi sai sun waiwayo. A gida ma bai iya magana a hankali ba. In yana yi wa Mama zancen sirri, maƙwabtanmu a Rikkos sun riga sun ji.

Ni ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Mama kuwa ba ta kama sunana ko kaɗan, sai dai "ke". A lokacin da nake ba da labari, cikin shekarun farko na dubu biyu, na gama sakandare, ina koyar da ƙananan yara a wata makarantar kuɗi ta wata mata a unguwarmu. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma ina son aikin, ina son yadda yara suke rugowa su karɓi jakata tun daga bakin ƙofa.

Da damina muryar Baba ta dishe. Kowa ya ce sanyi ne, don mutumin da ke tsayuwa cikin yayyafin Jos tun asuba ba a mamakin ya yi mura. Mama ta haɗa masa zuma da citta da kanumfari da lemon tsami. Damina ta wuce muryar ba ta dawo ba. Sai haɗiyar tuwo ta fara yi masa wuya, ya koma kunu da fura mai ruwa. Riguna suka fara yi masa yawa. Da ya yarda zai je babban asibiti, ni aka haɗa shi da ni saboda ina jin Turanci.

Mun yi ta zarya. Aka ɗauki hoto, aka leƙa maƙogwaron, aka ɗebi 'yar tsoka aka kai gwaji. Ranar da sakamako ya fito, likitan ya yi mini bayani da Turanci, a hankali, yana zana mini wuya a iska da biro. Na kama kalma ɗaya, sauran duk suka bi ta kaina suka wuce. Baba ya taɓo ni yana tambayar me aka ce, na ce masa wai akwai ƙari a maƙogwaronsa. Ya gyaɗa kai kamar an ce masa mota ta yi faci.

A gida na tarar da Mama tana tankaɗe. Na durƙusa kusa da ita na ce, "Mama, likita ya ce kansa ce."

Ta ajiye rariya ta dube ni. "Kansa kuma? Ba wuya ne yake masa ciwo ba? Me ya sami kan nasa?"

Na rasa yadda zan yi in fitar da ita daga wannan. Na ce ba kai ba, sunan ciwon ke nan da Turanci. Ta ce to da Hausa fa? Ban sani ba. Sai da Baffa, ƙanen Baba mai sayar da yadi a kasuwa, ya zo da yamma, ya saurare ni, ya yi salati ya ce, "Daji ne." Nan Mama ta ɗora hannu a ka.

Daga ranar gidanmu ya cika da shawara. Baffa ya ce daji ba ya son ƙarfe, kada a kuskura a bari a yi masa allura ko a sa wuƙa, yaɗuwa zai yi. Abokan Baba na tasha suka ce ba daji ba ne, hannu aka sa masa, wani ne yake son wurinsa ya ɗaure masa murya. Maƙwabcinmu, wani dattijo Kirista da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya ce a bi abin da likita ya faɗa kuma a yi sauri. Baba yana sauraron kowa, yana gyaɗa wa kowa kai. Da safe ya sha rubutu, da rana sassaƙe, bayan magariba ƙwayoyin asibiti. Ni ce mai miƙa masa duka ukun, kuma kowanne na miƙa sai in ji kamar ina warware aikin na baya.

Numfashi ne ya yanke gardamar. Ya fara yi masa wuya har muna jin ƙararsa daga tsakar gida. Aka kwantar da shi, aka huda ƙasan wuyansa aka sa ɗan bututu, Baffa yana tsaye a baranda yana girgiza kai. Daga nan aka tura mu Zariya inda ake gasa wurin da na'ura. Ni na bi shi, muka sauka gidan wata 'yar'uwar Mama ta nesa, muka dawo, muka sake komawa. Da muka dawo gaba ɗaya, ciwon ya yi sauƙi, yana iya haɗiye abinci mai laushi, amma murya ta tafi. Sai ya toshe bakin bututun da yatsa sannan wata raɗa take fitowa, mai kama da iskar da ke fita daga taya. Ya samo mafila yana naɗewa a wuya. A Jos ba wanda zai kalli mai mafila sau biyu.

Kafin tafiyarmu ta farko na nemi izini a makaranta, Madam mai makarantar ta ba ni. A ta biyu ta ce in je in kula da mahaifina, in dawo idan abubuwa sun lafa. Da abubuwa suka ɗan lafa na koma, na tarar da wata budurwa a ajina, yarana suna rera mata waƙar da na koya musu. Madam ta tarbe ni da fara'a, ta tambayi jikin Baba, ta ce za ta neme ni. Na fito ina jujjuya maganar. A gida na ce hutu aka ba ni, don ni kaina haka nake ganin abin a wasu ranakun. Mama kuwa, wadda ba ta taɓa sayar da ko tsinke ba, ta ari tanda ta fara suyar masa a soro.

Baba bai daɗe da dawowa ba ya koma tasha. Kullum da safe zai sa hula, ya naɗa mafila, ya fita. Da la'asar ya dawo ya ajiye wa Mama wani abu a bakin katifa. Ba wanda ya tambaye shi me yake yi a can.

Wata ranar ganin likita, muna zaune a benci, wata nas ta ce mana akwai mai son magana da marasa lafiya in sun yarda. Sai ga wata mata gajera mai tabarau, da rigar sanyi ruwan toka. Ta gaishe da Baba da ladabi. Hausarta irin ta 'yan ƙasa ce da suka koye ta a kasuwa da coci, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Ta ce daga jami'a take, tana bincike a kan yadda wannan ciwo yake taɓa aikin mutum da abin hannun gidansa. Ni binciken da na sani shi ne na 'yan sanda, sai na likita. Na tambaye ta ko jini za ta ɗiba. Ta yi dariya ta ce a'a, tambaya kawai za ta yi, in Baba ya amince ta zo gida. Baba ya gyaɗa kai, kamar yadda yake yi wa kowa.

Na faɗa wa Mama, Mama ta faɗa wa wata mai sayen masarta, kafin gari ya sake wayewa layinmu duka ya ji cewa masu tallafi za su zo gidanmu. Na ce ba haka matar ta faɗa ba. Baffa ya ce ni yarinya ce, haka suke fara zuwa, su duba su gani, sannan a sa sunan mutum. Har ni sai na fara tantama. Me zai sa mutum ya taso tun daga Tudun Wada, inda matar take zaune, ya biya ɗan acaɓa, don kawai ya yi tambaya ya tafi?

Baffa ya ba da shawarar a ɗauke talabijin daga ɗaki kada ta ga kamar muna da hali. Aka cusa ta ƙarƙashin gado. Baba kuma ya dage sai ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Mama ta share ɗakin, ta tsaya tana tunanin ko sharar ta yi yawa. Haka matar ta tarar da mu, ɗaki fayau, maigida cikin shadda.

Ni na tare ta a bakin layi. Na lura tana waige kafin ta sallami ɗan acaɓan, don a shekarun nan, bayan rikicin gari, mutanen Jos sun fara auna unguwar da za su shiga. Ta cire takalmi a ƙofar ɗaki, ta durƙusa ta gaida Baba da Mama, ta ajiye 'yar rikoda a kan tabarma.

Ta ce, "Kafin mu fara, ina so ku sani ba ni da komai da zan ba ku. Ba magani, ba kuɗi. Tambaya kawai na kawo."

Mama ta ce, "To, Allah ya saka. Daga baya fa?"

"Daga baya zan rubuta."

"A kai wa wa?"

"Masu karatu, da masu tsara abubuwa, in sun karanta."

Mama ta juyo ta dube ni kamar na yi kuskuren fassara, alhali da Hausa aka yi maganar duka.

Rikodar ba ta kama raɗar Baba, sai muka tsara in riƙa kai kunnena bakinsa ina maimaitawa. Ta tambayi irin aikinsa da yadda ya fara. Nan fuskarsa ta washe. Ya ba ta labarin zamanin da motocin katako suke lodi, da yadda ake gane fasinjan da zai tsaya da wanda zai sauka in mota ta jima ba ta cika ba. Ina faɗa da muryata, ina jin abin banbaraƙwai, maganar ƙato tana fita daga bakina. Ana cikin haka wata mata ta yi sallama tana neman masa, Mama ta fita ta sallame ta ta dawo. Baƙuwar ta tambaya, "Mama yana sana'a?" Mama ta goge mai a zaninta ta ce a'a, ita matar gida ce.

Sai baƙuwar ta juya ga Baba. "Yanzu fa, Baba, kana aiki?"

Ya gyaɗa kai da ƙarfi.

Mama ta ce, "Wane aiki? Malam, ka faɗa mata gaskiya."

Ya jawo ni. Na ce, "Ya ce kullum yana tasha."

"Zuwa tasha daban, aiki daban," in ji Mama.

"An sallame shi ne?"

Na kai kunne. "Ya ce ba wanda ya sallame shi."

"Ana biyan shi?"

Kafin ya toshe bututun Mama ta riga shi. "Abin da suke ba shi taimako ne, Malama, ba kamasho ba ne. Tausayinsa suke ji."

Baba ya ɗaga hannu ya buga tabarma da tafinsa, irin bugun da yake yi wa jikin mota. Rikodar ta yi tsalle ta kife. Ban taɓa jin Mama ta faɗi haka a gabansa ba, kuma ban san ko don tallafin da take sa rai ta faɗa ba, ko abin da ke ranta ne tun tuni. Baffa yana bakin ƙofa yana ƙifta mini ido, alamar in ce ba ya aiki. Baba yana kallona, alamar in ce yana yi. Matar ta gyara rikodarta ta ce, "Ƙanwata, ke me kika gani?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba."

Ta bar wannan ta tambaya ko akwai wani a gidan da aikinsa ya tsaya saboda jinyar. Mama ta ce babu. Ni ma na ce babu. Ta tambayi abin da nake yi, na ce malamar makaranta ce.

"Yau ba makaranta?"

Na ce Madam ta ce in dawo idan abubuwa sun lafa.

"Kin koma?"

"Na koma. Na tarar da wata a ajina."

"To an sallame ki ke nan?"

"Ba ta ce ba."

Baba ya taɓa gwiwata. Na sunkuya kamar yadda nake yi tun farkon hirar, a shirye in maimaita. Ya ce, "Uwata, ba hutu kuke ba?" Wannan ban maimaita wa rikoda ba. Matar ba ta tambayi me ya ce ba, ta kashe na'urarta ta karɓi masar da Mama ta kawo mata, ta ci sosai, ta yaba.

Da za ta tafi ta roƙi Baba ko zai yarda ta bi shi tasha wata rana ta gani da idonta. Ya amince nan take, har da murna. Mama ta ce ni ma in bi su.

Ban taɓa tsayawa a wurin aikin Baba ba sai ranar. Hayaƙin motoci, masu tallar biredi, 'yan acaɓa suna ta hon. Wani mutum da ban sani ba yana tsaye a ƙofar motar da ke kan layi yana kira. Muryarsa siririya ce, ba ta tsallake kwalbati. Baba ya gaisa da direbobi, kowa yana "Oga, ya jiki?", ya kai mu wurin ciyaman ɗin tashar, wani mai ƙiba da ke zaune a ƙarƙashin rumfar kwano.

Ciyaman ya saurari bayanin matar ya ce, "Madam, wannan bawan Allah ma'aikacinmu ne. Ubanmu ne a nan. Wurinsa yana nan, ba mai taɓa shi." Sannan ya tambaye ta ko gwamnati za ta ba su sababbin motoci bashi, tunda ga ta ta zo. Ta sake yin bayanin da ta yi a gidanmu, shi ma ya yi mata irin kallon da Mama ta yi mini.

Da ta matsa tana magana da wani direba, ya yafito ni gefe ya rage murya. "'Yata, ki lallashe shi ya riƙa hutawa a gida. Mu za mu riƙa aika masa. In tarin nan ya taso masa ya cire mafila, fasinjoji tsorata suke yi, wasu har sauka suke. Ni ba zan iya faɗa masa ba."

Na ce to. Na waiga ina neman Baba. Yana tsaye a bayan sabon mai kiran, bakinsa yana motsi tare da nasa ba sauti. In ya hango mai kaya daga nesa sai ya zunguri mutumin ya nuna masa. Wata tsohuwa ta iso da buhun dankali, ta ture hannun sabon ta ce ita wancan ne yake ɗaure mata kaya tun da can. Baba ya tattare hannun riga ya ɗaure buhun, yana haki, igiyar tana zame masa, ya sake ja har ta kama. Da motar ta cika shi ya buga jikinta, direba ya tayar. Ya koma benci ya zauna yana maida numfashi, ya dube mu yana murmushi.

A hanyar dawowa na tambayi matar, to yanzu me za ta rubuta, yana aiki ko ba ya yi? Ta ce ita ma tana tunani. Na ji haushin amsar, don na ɗauka masu jami'a suna da kalmar kowane abu. Saƙon ciyaman kuwa na yi ta yawo da shi a raina. In na ga Baba yana tari da yamma sai in ce gobe zan faɗa masa. In na ga yadda yake gyara hula da safe sai in fasa. Na faɗa wa Mama, ta ce ita ba ruwanta, ta riga ta faɗi nata a gaban baƙuwa, ga shi har yanzu ba ya cin masarta.

Ba a jima ba matar ta sake zuwa, wannan karon wurina. Ta ce akwai gidajen da matan ba sa sakin jiki da ita, kuma Hausarsu tana yi mata zurfi. Tana neman wadda za ta riƙa raka ta, za a biya. Mama ta tafa hannu ta ce, "Ba na faɗa muku ba? Ga tallafin ya zo." Na ce ba tallafi ba ne, aiki ne. Ta ce in kira shi duk abin da na ga dama.

Haka na yi rani guda ina bin ta gida gida, a Rikkos da Tudun Wada da wasu unguwanni. Mun shiga wurin wata mai suyar kifi da aka cire wa nono, wadda masu saye suka watse don an ce ciwon ana ɗauka. Mun zauna da wani magatakarda da ofishinsu bai taɓa albashinsa ba, amma matarsa ta rufe shagonta don ba mai juya shi a gado. A gidaje da yawa ina shiga sai in ga teburi a kusurwa da shatar ƙura mai kusurwa huɗu a kansa, in san inda talabijin ta tafi. Ni ce yanzu nake cewa ba mu kawo komai ba sai tambaya, ni ce ake yi wa wannan kallon. Wani lokaci ina tsakiyar fassara sai in rasa ko ni mai tambaya ce ko wadda ake tambaya. Da aka fara biyana na saya wa Baba sabuwar mafila mai kauri. Ya shafa ta, ya sa mini albarka. Na fita tsakar gida na tsaya, na kasa gane ko farin ciki nake yi. Ciwon da ya raba ni da ajina shi ne ya samo mini wannan aikin, kuma ya fi wancan albashi.

Ban taɓa isar da saƙon ciyaman ba, kuma ba a buƙace shi ba. Wata safiya Baba ya shirya tsaf, ya kai soro, ya zauna a kan turmin da ke kusa da tandar Mama wai zai ɗan huta. Ya jima yana kallon masu saye. Sannan ya miƙa hannu, Mama ta sa masa masa ɗaya mai laushi, ya ci rabi, ya koma ɗaki ya cire hula. Bai ƙara zuwa tasha ba. Likitoci suka ce ciwon ya dawo, kuma ya sauka ƙirji. Ya rasu da farkon damina, da hantsi, Mama tana riƙe da kansa.

'Yan tasha sun zo jana'iza da yawa har layinmu ya toshe da motoci. Ciyaman yana kuka kamar yaro. Ana cikin zaman makoki sai ga matar ta shigo, ta yafa ɗankwali a ka, ta zauna cikin mata a tabarma, ta yi gaisuwa yadda ta ji ana yi. A lokacin aikin da muke yi tare ya riga ya ƙare. Da mutane suka ragu Mama ta matso kusa da ita.

"Malama, binciken nan naki, me ya gano?"

Matar ta cire tabarau ta goge. "Ban gama ba, Mama. Abin da na gani dai, mutum ɗaya ne yake kwanta, amma aikin mutane da yawa ne yake tsaya."

Mama ta jira ko akwai ci gaba. Da ta ji babu sai ta ce, "To akwai wanda bai san wannan ba?"

"Akwai, Mama."

"Ikon Allah," in ji Mama. Ta shiga tunanin waɗannan mutane, su waye, a ina suke zaune. Sannan ta sa aka kawo wa baƙuwar gumba da ruwa.

Na raka baƙuwar bakin titi. Ta ce za ta tafi ƙarin karatu a kudu, a can za ta ƙarasa rubutun. Ta tambaye ni abin da zan yi yanzu, na ce ban sani ba tukuna. Ta ce in nemi kwalejin horon malamai, kuma daga baya na nema, na samu, shi ne aikina har yau. Rubutun nata ban taɓa ganinsa ba, ban ma san a inda ake neman irinsa ba, ita ma ban sake haɗuwa da ita ba. Muna tsaye hadari ya haɗo daga wajen duwatsu. 'Yan acaɓa biyu suka ƙi zuwa Tudun Wada saboda ruwa, na uku ya yarda. Ta tattare siket ta hau, ta ce in gaida Mama, in koma gida kada in jiƙe. Na tsaya har suka sha kwana, sannan na juya da gudu, ruwan ya same ni kafin in kai soro.